Tsaron Makaranta Daban, Tsare Ɗalibi Daban

A ranar 26 ga Oktoban 2015, a wani ajin lissafi na sakandaren Spring Valley da ke jihar Karolina ta Kudu a Amurka, malami ya hango wata ɗaliba 'yar shekara 16 da waya a hannu. Ya ce ta miƙo, ta ƙi. Ya ce ta fita, ta ƙi. Aka kira ɗaya daga cikin shugabannin makarantar, shi ma ta yi kunnen uwar shegu da shi. Sai aka kira ɗan sandan da ke aiki a makarantar. Abin da ya biyo baya 'yan ajin sun ɗauka da wayoyinsu, duniya ta gani: ya cafko ta ta wuya, ya kifar da ita tare da kujerar da take zaune a kai, ya ja ta a ƙasa har gaban allo, ya sa mata ankwa.

Bayan kwana biyu aka sallame shi daga aiki, kuma yawancin masu tofa albarkacin baki nan suka tsaya, a kan ƙarfin da ya nuna. Abin da ya kamata ya fi tayar da hankali bai shiga bidiyon ba. An tuhumi yarinyar da laifin "damun makaranta", aka kuma kama wata 'yar ajinsu da ta ɗaga murya ta ce wannan ba daidai ba ne, ita ma da tuhuma iri ɗaya. Dokar jihar a lokacin ta tanadi ɗaurin da zai iya kai kwana 90 ko tarar dala 1,000, ba tare da ta fayyace wane irin hali ne ke damun makaranta ba. Ke nan ko da ɗan sandan ya shigo da fara'a da tattausan lafazi, da ankwa yarinyar za ta iya fita. Tsakanin waya a hannu da takardar tuhuma taki uku ne kacal: malami, shugaba, ɗan sanda. An janye tuhumar daga baya, a 2018 kuma aka gyara dokar, amma hanyar da ta kai yaran can tana nan a buɗe a dubban makarantu.

Ba mai hankalin da zai ce makaranta ba ta buƙatar ɗan sanda ranar da wani ya shigo da makami. Inda nake da ja shi ne ranar da ɗan sanda ya koma sandar da malami ke ɗagawa idan yaro ya yi taurin kai, na'urar sa ido kuma ta koma kunnen 'yan sanda a cikin jakar ɗalibi. Makarantar da ta kai nan ta yi cinikin biri a sama: ta ba da abin da aka daɗe da sanin yana dakile hari, wato yaron da zai je ya raɗa wa babba abin da ya ji, ta karɓi kayan da har yau masu sayar da su ba su nuna hujjar aikinsu ba.

A shekarun 1950 aka fara ajiye ɗan sanda a makaranta a garin Flint na jihar Mishigan, da nufin yara su saba da shi. Abin bai bazu ba sai a shekarun 1990. A 1994 majalisar dokokin tarayya ta tilasta korar duk ɗalibin da ya zo da bindiga na tsawon shekara guda, jihohi kuma suka faɗaɗa wannan tsari na ba-sani-ba-sabo ya haɗa da laifuffukan da ba su kai ko kusa ba. A 1999, shekarar harin bindiga a sakandaren Columbine ta jihar Kolorado, ma'aikatar shari'a ta buɗe asusun ɗaukar 'yan sandan makaranta, wanda ya raba sama da dala miliyan 750 cikin 'yan shekaru, aka ɗauki jami'ai sama da 6,500. Tallafin bai wuce dala 125,000 a kan kowane jami'i ba, na shekara uku. Shekara ta huɗu albashin ya dawo wuyan gunduma, kuma ba shugaban hukumar ilimin da ke son a ce shi ne ya cire ɗan sanda. Sai a rage wani wurin.

To, kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A Columbine akwai ɗan sanda mai bindiga a ranar, har ya yi musayar wuta da ɗaya daga cikin maharan, duk da haka ɗalibai 12 da malami ɗaya suka rasu. A Parkland ta jihar Fulorida, ranar 14 ga Fabrairun 2018, ɗan sandan makarantar ya tsaya a waje ana harbi a ciki, aka kashe mutum 17. Uvalde ta jihar Teksas ce ta fi kowacce cancantar a tsaya a duba, domin gundumar tana da duk abin da ake tallatawa: rundunar 'yan sandanta na kanta, manhajar bibiyar shafukan sada zumunta, da manhajar aika gargaɗin gaggawa zuwa wayoyin malamai. Ranar 24 ga Mayun 2022 wani ɗan bindiga ya shiga makarantar firamaren Robb, jami'ai 376 suka taru, aka shafe minti 77 kafin a shiga ajin da yake ciki. Yara 19 da malamai biyu suka rasa rayukansu.

Rahoton kwamitin majalisar jihar ya fito da ƙananan abubuwan da ba sa shiga kanun labarai. Makullin ƙofar aji mai lamba 111, ɗaya daga cikin azuzuwan da maharin ya shiga, ya daɗe yana ba da matsala, mutane sun sani, ba wanda ya rubuta takardar a zo a gyara. Malamai sun saba tokare ƙofofi ko barin su a buɗe saboda ƙarancin mabuɗai. Manhajar gargaɗin kuwa ta yi ƙara kusan sau 50 tsakanin Fabrairu da Mayu, galibi saboda 'yan sanda na bin motocin masu safarar baƙin haure a kusa da makarantar, har malamai suka daina ɗaukar ta da zafi. Intanet ɗin ginin ma ba shi da ƙarfi, wasu ba su samu saƙon a kan lokaci ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ba rashin jami'i ba ce. Amma martanin jihar a 2023 shi ne dokar da ta wajabta mai bindiga a kowace makaranta, kamar yadda Fulorida ta yi a 2018.

Adalci ya sa a faɗi abin da ke gefen masu goyon baya. Lucy Sorensen ta Jami'ar Albany da abokan aikinta sun bi bayanan makarantun gwamnati na ƙasar daga 2014 zuwa 2018, suka ga cewa zuwan ɗan sanda yana rage wasu nau'o'in faɗa da duka. Wannan riba ce ta gaske, yaron da aka daina tarewa a bayan aji ya san darajarta. Sai dai binciken bai ga raguwar abin da ya shafi bindiga ba, ya kuma ga ƙaruwar dakatarwa, kora, miƙa yara ga 'yan sanda da kamu, musamman a kan baƙaƙen fata da masu naƙasa. Emily Weisburst ta bi ɗalibai sama da miliyan biyu da rabi a Teksas, ta ga cewa tallafin ɗaukar 'yan sanda ya ƙara hukunci a ƙananan sakandare da kashi 6 cikin ɗari, ya kuma zo da raguwar kammala sakandare da kusan kashi 2.5, da raguwar shiga jami'a da kashi 4. Hukuncin da ya ƙaru ɗin, yawancinsa a kan ƙananan laifuffuka ne.

Masu cewa a kwashe 'yan sanda gaba ɗaya su ma suna da nasu darasin. Bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a Minneapolis a 2020, biranen Minneapolis, Portland, Oakland da Denver sun raba gari da 'yan sandan makaranta. A Maris ɗin 2023, a sakandaren East ta Denver, wani ɗalibi da ake caje kowace safiya saboda tarihinsa da bindiga ya harbi ma'aikata biyu da ke cajin nasa. An cire ɗan sanda, an bar aikin da ya fi kowanne haɗari a hannun malaman da ba a horar da su don shi ba. Denver ta dawo da jami'an a wannan shekarar. Cire kaki ba tare da an zauna an rarraba wa zai ɗauki wane nauyi ba, tsugune ce ba ta ƙare ba.

Harin bindiga abu ne da akasarin makarantu ba za su taɓa gani ba. Abin da ɗan sanda ke tararwa kowace rana shi ne yara masu surutu, masu zagi, masu tura juna a layin abinci. Ɗan sanda kuwa an horar da shi ya dubi abu ya sa masa sunan laifi. Ture ya zama cin zarafi, tsawa ta zama tayar da hankalin jama'a, fizge hannu idan an riƙe ka ya zama ƙin bin umarnin jami'i. Alƙaluman ma'aikatar ilimi na shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 sun nuna cewa baƙaƙen fata kashi 15 ne cikin ɗari na ɗalibai, amma su ne kashi 31 na waɗanda aka miƙa wa 'yan sanda ko aka kama. Masu naƙasa kashi 12 ne, suka zama kashi 28. Yaro mai galahanga da ya firgita saboda hayaniya ya fara kai duka, malamin da ya san shi zai rage haske ya ba shi fili, jami'in da bai san shi ba zai murɗe masa hannu. A 2019 a Orlando an ɗaure hannuwan yarinya 'yar shekara 6 aka sa ta a motar 'yan sanda saboda ta yi bori a makaranta. Sai da jihar ta yi doka ta musamman kafin a hana kama yaron da bai kai shekara 7 ba, ita ma da togaciya.

A jihar Illinois abin ya ɗauki wani salo. Doka ta hana makarantu cin ɗalibai tara, sai makarantu suka riƙa kiran ɗan sanda ya rubuta takardar tara da sunan dokar gari. Binciken da kafar labarai ta ProPublica da jaridar Chicago Tribune suka wallafa a 2022 ya ƙirga irin waɗannan takardu sama da 11,800 cikin shekarun karatu uku, a kan shan sigarin lantarki, zubar da shara, faɗa da makamantansu, tarar kuma a lokacin na iya kai dala 750. Uwa ta bar aiki ta raka yaro zaman sauraron ƙara a ranar makaranta, ba lauya, idan ba a biya ba a miƙa bashin ga masu karɓar bashi.

Akwai wani lungu na doka da iyaye ba su cika sani ba, kuma a nan ne haɗa aikin tsaro da na ladabtarwa ya fi yin ɓarna. A kan titi, ɗan sanda na buƙatar ƙwaƙƙwaran dalili, sau da yawa har da izinin alƙali, kafin ya buɗe jakar mutum. A 1985 Kotun Ƙoli ta sassauta wa shugabannin makaranta, ta ce zargi mai ma'ana ya ishe su, tunda su tarbiyya suke yi. Kotun ba ta yanke hukunci a kan cajin da aka yi tare da 'yan sanda ba, sai kotunan jihohi da dama suka ba ɗan sandan makaranta wannan sassaucin. Sakamakon shi ne jami'i mai ikon kamu yana caje da ma'aunin malami, abin da ya samu kuma ya tafi kotu. Haka batun tambayoyi. A shari'ar da Kotun Ƙoli ta yanke a 2011, an fitar da yaro ɗan shekara 13 daga aji a Karolina ta Arewa, aka rufe shi a ɗakin taro da ɗan sanda mai bincike da shugabannin makaranta na fiye da rabin sa'a, ba a gaya masa yana da ikon yin shiru ba, ba a kira kakarsa da ke riƙonsa ba, har ya amsa laifi. Kotun ta ce dole a yi la'akari da shekarun yaro wajen auna ko yana ganin zai iya tashi ya fita. Wane yaro ne zai miƙe ya bar ofishin shugaban makaranta? Dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974 ma tana da ƙofar baya: bayanan da sashen tsaro na makaranta ya tattara don aikin doka ba sa cikin waɗanda ta kare.

Ɓangaren sa ido ya fi wannan shiru, kuma ya fi shi faɗi. Makaranta ta ba yaro kwamfuta da adireshin imel. A cikin kwamfutar ko asusun akwai manhaja irin su Gaggle, GoGuardian, Securly ko Lightspeed. Gwargwadon wadda aka saya da yadda aka saita ta, tana iya karanta abin da ya nema a intanet, wasiƙunsa, hirarsa da abokai, har rubutun da ya fara bai tura wa kowa ba. Tana gwada kalmomin da jerin da aka tanada na kashe kai, makami, ƙwaya da batsa. Abin da ya yi kama sai ya tafi ga wani ma'aikacin kamfani da bai san yaron ba, bai san garin ba, yana da tarin irinsa a gabansa. Shi zai sa masa daraja. Idan ya ga abin gaggawa ne, a kira lambar da makaranta ta bayar.

Duk rigimar tana kan wannan lambar. Da ƙarfe goma na safe mai ba ɗalibai shawara ne zai ɗauka, ya kira yaron gefe, su yi magana. Da ƙarfe ɗaya na dare ba malamin da ke bakin aiki, don haka gundumomi da dama suka ba da lambar 'yan sanda. Yarinya ta rubuta a kwamfutar makaranta cewa ta gaji da rayuwa, cikin dare mota mai jiniya ta tsaya a ƙofar gidansu, maƙwabta na leƙe. Wataƙila an ceci rai, kuma akwai lokutan da hakan ya faru, ban raina su ba. Wataƙila kuma an koya mata, da duk ƙawayenta, kada su sake rubuta abin da ke ransu a inda babba zai gani. A binciken da cibiyar CDT, mai kare haƙƙin jama'a a harkar fasahar zamani, ta fitar a 2022, kashi 89 cikin ɗari na malamai sun ce makarantarsu na amfani da irin wannan manhaja, kashi 44 kuma sun ce ta kai ga 'yan sanda sun tuntuɓi wani ɗalibi. An sayo ta da sunan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, amma malaman sun fi ba da labarin amfani da ita wajen ladabtarwa.

Manhaja ba ta san raha ba, ba ta san aikin gida ba. Ɗalibin da aka ba shi rubutu a kan yaƙi zai ambaci bindiga, na ajin kimiyyar jiki zai nemi sunayen gaɓoɓi, mai rubuta waƙa zai ambaci mutuwa. A gundumar Lawrence ta jihar Kansas, daga cikin gargaɗi sama da 1,200 da aka samu cikin wata goma, kusan kashi biyu cikin uku jami'an makaranta sun ce ba komai ba ne. Kowane ɗaya kuwa sai da wani ya bar aikinsa ya duba. Wannan ita ce cutar Uvalde a wata riga: ƙararrawar da ke kaɗawa kullum, ranar gaskiya ba mai waiwaya.

Nauyin kuma ba daidai yake sauka ba. Ɗan mai hali yana da kwamfutarsa da wayarsa, ta makaranta aikin aji kawai yake yi da ita. Ɗan talaka ita ce kaɗai tagarsa, da ita zai nemi bayanin ciwon da yake jin kunyar faɗa, da ita zai yi hira da dare. Shi ake karantawa daga safe har asuba. Idan aka tambayi hukumomi sai su ce dokar tarayya ta 2000 kan kare yara a intanet ce ta tilasta musu. Dokar ta ce makarantar da ke karɓar tallafin intanet ta tace shafuka ta kuma sa ido, gaskiya ne, amma a cikinta an rubuta ƙarara cewa ba ta wajabta bin diddigin wani yaro da sunansa ba.

Inda bayanan ke ƙarewa ma abin dubawa ne. A 2010 aka gano gundumar Lower Merion ta jihar Fensilbaniya tana kunna kyamarar kwamfutocin da ta ba ɗalibai daga nesa, da sunan neman waɗanda suka ɓata. Hotuna sama da dubu 50 aka tara, har da na yaro yana barci a ɗakinsa. Dala 610,000 ta biya aka sasanta. A 2020 jaridar Tampa Bay Times ta bankaɗo cewa ofishin 'yan sandan gundumar Pasco a Fulorida yana amfani da makin jarrabawa, rashin zuwa makaranta da tarihin cin zarafin da aka yi wa yaro a gida wajen haɗa jerin waɗanda wai za su iya zama masu laifi nan gaba. Sunaye kusan 420 ne a jerin, iyayensu ba su sani ba. Yaron da aka zalunta a gida, zaluncin ne ya sa shi a kundin 'yan sanda.

Na'urorin bakin ƙofa ba sa buƙatar dogon bayani, lissafi ya isa. A ce makaranta na da ɗalibai 2,000, ƙofar binciken makami kuma tana kuka a kan mutum ɗaya cikin goma saboda kwamfuta, gorar ruwa ta ƙarfe, lema ko zoben fayil. Jaka 200 ke nan kowace safiya. Idan kowace ta ci daƙiƙa 30, mutum ɗaya zai yi minti 100 yana buɗe jaka, an gama darasin farko ana layi. Mafitar da ake bi ita ce a rage wa na'urar kaifi, a nan kuma wuƙa ke wucewa. A Utica ta jihar New York an daɓa wa ɗalibi wuƙa a 2022 a makarantar da ta kafa na'urar kamfanin Evolv, a 2024 kuma hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta zargi kamfanin da zuzuta abin da na'urar ke iyawa, aka ba wasu makarantu damar soke kwantiraginsu. Gundumar Lockport, ita ma a jihar New York, ta kashe kusan dala miliyan 1.4 a kan tsarin kyamara mai gane fuska, ta kunna shi a Janairun 2020, wata guda bayan cibiyar gwajin fasaha ta gwamnati ta nuna cewa da yawan irin waɗannan manhajoji sun fi yin kuskure a kan fuskokin baƙaƙen fata da 'yan Asiya. A 2023 jihar ta haramta shi a makarantu. Dama can mai kai hari a makaranta galibi ɗalibinta ne, fuskarsa ba baƙuwa ba ce.

Wannan batu na ƙarshe shi ne mabuɗin. Hukumar Secret Service, mai tsaron shugaban ƙasa, ta yi nazarin hare-hare 37 tare da ma'aikatar ilimi a rahoton 2002, ta ga cewa a kashi 81 cikin ɗari akwai aƙalla mutum ɗaya da ya san da shirin tun kafin ranar, kuma galibi aboki ne ko ɗan aji ko ɗan'uwa. A 2021 ta duba shirye-shirye 67 da aka dakile, ta ga cewa ɗalibai ne suka fi kowa damar ji da kai rahoto. Yaro kuwa kafin ya buɗe baki yana auna abu biyu: za a gane ni ne, kuma me za a yi wa abokina? Idan abin da ya gani a baya shi ne an fito da wani da ankwa a gaban kowa saboda wasan banza, zai haɗiye maganarsa. Layin sirri irin Safe2Tell da jihar Kolorado ta buɗe a 2004 yana amsa tambayar farko. Ta biyun sai halin makarantar.

An gwada raba aikin biyu, kuma ya yi. A gundumar Clayton ta jihar Jojiya, alƙalin kotun yara Steven Teske ya ga kotunsa ta cika da ƙarar faɗan makaranta, sai a 2004 ya zaunar da 'yan sanda da hukumar ilimi suka sa hannu a yarjejeniya. Ƙananan laifuffuka irin faɗan da ba rauni da hayaniya, karon farko takardar gargaɗi ga yaro da iyaye, karo na biyu zaman sulhu ko bita, sai a na uku a je kotu. Ƙararrakin suka ragu da fiye da rabi. A Filadelfiya, Kevin Bethel, babban jami'in 'yan sanda ne da kansa ya kawo tsarin a 2014: yaron da ya kai shekara 10, ba shi da tarihin laifi, ya yi ƙaramin abu, ba a kama shi, jami'in walwala ne zai ziyarci gidansu. Kamu ya sauka daga kusan 1,600 a shekara zuwa ƙasa da 300 cikin shekara biyar.

Duk gundumar da ta ga lallai sai ta ajiye ɗan sanda, to takardar yarjejeniyar ta ambaci laifuffukan da ba ruwansa da su ɗaya bayan ɗaya: waya, tufafi, makara, zagi, ƙin fita daga aji. Kalmar "ƙananan laifuffuka" kawai ba ta isa ba, kowa zai fassara ta yadda ya so. Malamin aji kada ya kira shi kai tsaye sai in rai na cikin haɗari, kiran ya bi ta shugaban makaranta, a rubuta dalili. Ba tambayar yaro kan laifi sai mahaifi ko mariƙi na zaune. Hoton kyamara kada ya zama tashar da ofishin 'yan sanda ke kallo duk yini, a buɗe musu lokacin gaggawa, a rubuta wa ya duba, yaushe, don me. Kowane zango a wallafa adadin kamu da miƙawa, a rarraba da shekaru, launin fata da naƙasa, domin abin da ba a ƙirga ba ba a gyara shi. Shugaban makaranta ya samu ikon cewa a canza masa jami'i. Horon farko da ƙungiyar 'yan sandan makarantu ta ƙasa ke bayarwa sa'a 40 ne, mako guda ke nan, kuma ba kowace jiha ce ta wajabta shi ba. Mako guda bai isa mutum ya koyi yadda ake kwantar da yaro mai naƙasa da ya rikice ba.

Kwantiragin manhaja shi ma haka. Kafin a sabunta, kamfani ya kawo adadin gargaɗin bara, makaranta ta faɗi nawa ne suka zama gaskiya, nawa suka ƙare a ladabtarwa, nawa suka kai ga 'yan sanda. Idan gunduma ba za ta iya biyan ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa da zai riƙe waya da dare ba, ta kashe sa idon bayan an tashi, ta rubuta wa yara lambar agajin masu tunanin kashe kai, wato 988, a fuskar kwamfutar. A sa ranar goge bayanai, wata uku ya wadatar ga abin da aka duba aka ga ba komai. A gaya wa yara da iyaye, da harshen da suke ji, ainihin abin da ake karantawa.

Sauran kuma maganar kasafi ce. Rahoton ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU na 2019 ya nuna ɗalibai miliyan 1.7 suna makarantun da ke da ɗan sanda amma ba mai ba da shawara ko ɗaya, miliyan 3 kuma akwai ɗan sanda ba ma'aikacin jinya. Ƙungiyar masu ba ɗalibai shawara ta ce kowane mutum ɗaya ya riƙe yara 250, amma a shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022 matsakaicin ƙasar 408 ne. Kwamitin da ya binciki harin makarantar firamaren Sandy Hook na 2012, inda aka kashe yara 20 da ma'aikata shida, ya sa a sahun gaba na shawarwarinsa cewa kowane aji ya samu ƙofar da malami zai kulle daga ciki ba sai ya fita waje da mabuɗi ba. Ba a yin bikin buɗe makulli, ba kamfanin da zai kawo allon talla a kansa, shi ya sa yake zuwa ƙarshe a jerin sayayya. Aikinsa kuwa ba wuya: mutum ɗaya da takarda ya zaga kowane mako ya murɗa kowane hannun ƙofa, na waje da na aji, ya rubuta wadda ba ta kama ba, a ba gyaranta wa'adin kwana biyu, malaman wucin gadi kuma a ba su mabuɗi tun ranar da suka fara.